Rasuwar Dogo

To kafin komai bari ku san waye Dogo, don kar ku ma ku rikice yadda wasu suka rikice. Dogo famfo ne. Famfon tuƙa-tuƙa mai dogon hannu, yana tsaye a tsakiyar unguwa a gindin bishiya, shekara sha tara yana ba mutane ruwa. Ba mai ce masa famfo. "Je ki wajen Dogo." "Yau Dogo tari yake yi." Haka ake magana, har baƙo ya ɗauka wani ɗan unguwa ne mai kirki.

Ran Litinin da hantsi Dogo ya mutu. Ya yi ƙugi, ya tofar da wani jan ruwa, hannunsa ya saki. Bakanike ya zo ya buga masa guduma sau uku, ya saurara, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Aka kifa masa buhu a ka don kar yara su riƙa lilo da hannun.

Yanzu ga inda maganar take. Masu gyaran famfo na ƙaramar hukuma sau ɗaya suke zagayawa a wata uku, kuma ran Alhamis ɗin nan ne zagayensu. Duk unguwar da ke so a tsaya mata, sai wani ya je sakatariya ya bi layin taga ta uku a rubuta sunanta kafin sha biyun ranar Laraba. In an rufe, shi ke nan, sai rafi. Rafin kuwa tafiyar awa guda ce, dawowa da jarka a ka ta fi haka.

Maman 'Yan Biyu ce ta ce ita za ta je. Har ta ware takalmin da za ta sa. Sai mijinta ya ji.

Mijin nan Na-Ciki ake ce masa. Shagon cajin waya gare shi, amma ba a nan sunan ya fito ba. Duk maganar da aka ɗauko, ta asibiti ce, ta wuta ce, ta hanya ce, sai ya gyara zama ya ce, "Ai ina da na ciki." Abin da ya taɓa haɗa shi da sakatariya kuwa, fenti ya shafa wa katangarta shekara shida da suka wuce. Kwana huɗu.

"Layi?" in ji Na-Ciki, a gaban mutanen da ke zaune a benci. "Matata a layi? A sakatariyar da ni na yi mata fenti?"

"Katangar waje," in ji Tela. Bai ma ɗago daga maɓallin da yake ɗinkawa ba.

"Waje da ciki ai gini ɗaya ne."

"Baban 'Yan Biyu," in ji matar, "sha biyu suke rufewa. In sunan Dogo bai shiga ba, wata uku ne a rafi. Kuma ba kai ne mai ɗaukar jarka ba."

"Ajiye takalminki. Ni in na shiga can, tashi suke yi."

"Su gudu?" in ji Tela.

Bai kula shi ba.

Ran Laraba ya sa kwat ɗin da ya fi shi faɗi, ya jera biro uku a aljihu, babu mai rubutu a cikinsu, ya ɗauki fayil wanda ba komai a ciki. Bai fita ba sai goma da rabi, wai manya ba sa sammako. A hanya, yana tuƙa keke yana gyara maganar da zai yi. "Famfonmu ya mutu." Ya ji abin bai yi masa ba. Mutu? Wannan ai maganar ƙauye ce. Akuya ce ke mutuwa, batir ne ke mutuwa. A ofis mutum sai ya tace harshe. Kafin ya kai ƙofa ya samo wadda ta dace.

"Mai gadi! Kana nan?"

"Ina nan. Waye?"

"Ka ji shi da wasa," in ji Na-Ciki, ya wuce.

Layin taga ta uku ya fito daga baranda, ya zagaye tukunyar fure, ya miƙe har tsakar fili. Mutane na fifita da takardunsu. Na-Ciki ya dube su da tausayi, ya bi ta gefe. Can ƙarshen baranda sai ga wata taga, ta bakwai, ba kowa a gabanta. Har da kujera mai laushi. Har da kwalin takardar share hawaye, wadda shi ya ɗauka ta goge zufar manya ce. Akwai allo a sama da rubutu ɓaro-ɓaro, amma mai na ciki ba ya karanta allo. Ya zauna, ya zari takarda biyu ya goge wuya.

Ma'aikaciyar wata mata ce mai tabarau da sanyin murya. Ta ce, "Sannu, malam. Me ya faru?"

Na-Ciki ya gyara kwat. "Dogo ne ya rasu."

"Ayya. Allah ya jiƙansa."

Ya yi dariya, ya nuna ta da yatsa, irin ya gane wasan. "Amin, amin."

Ta ɗan dube shi, ta jawo fom. Ta ga irin-irin mutane a tagar nan, wasu kuka, wasu dariya. "Sunansa ke nan, Dogo?"

"Kowa haka ya san shi."

"Sunan uba?"

Nan ya ɗan tsaya. Sai ya gane: yaren ofis ne, wanda ya kafa shi take nufi. "Tsohon Kansila. Shi ya kawo mana shi, da rana tsaka, har da tafi."

Ta rubuta. "Shekaru?"

"Sha tara."

"Kai, yaro ne ma."

"Yaro? Ai ya ga duniya. Kullum mata arba'in ne ke rataye a hannunsa."

Biron ya tsaya, sannan ya ci gaba. "Sana'a?"

"Ba da ruwa. Tun safe har yamma."

Ta rubuta mai ga-ruwa. "Me ya same shi?"

"Tari ya fara. Ya kai wata biyu yana ƙugi. Ran Litinin sai ya tofar da wani ja, hannu ya saki."

"An kai shi asibiti?"

"Wa zai iya ɗaga shi? Bakanike muka kira."

"Bakanike."

"Ya buga masa guduma sau uku. Ko motsi."

Matar ta ajiye biro. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta jawo wani ɗan jan kati daga aljihun tebur ta maƙala a jikin fom ɗin. Na-Ciki ya ga jan katin, ransa ya yi fari. Na gaggawa ke nan.

"Malam, tun Litinin fa ka ce. Yanzu yana ina?"

"Yana nan inda yake, a tsaye."

"A tsaye?"

"Gindin bishiya. Mun rufa masa buhu a ka saboda yara."

"Kai mene ne naka da shi?"

"Ni ne komai nasa."

Ta nuna masa wajen sa hannu. Ya gwada bironsa na farko, na biyu, na uku, sannan ya ari nata. Ta buga hatimi biyu, dum, dum. Ta ce motar ta tafi wani ƙauye, amma gobe da safe za ta zo ta ɗauke shi, kuma kar kowa ya taɓa komai.

"Ɗauke shi? Ba a nan za a yi masa ba?"

"A'a. Akwai inda ake kai su."

Na-Ciki ya ji wannan ma ya fi. Na mutane a bakin titi za a yi musu, nasa kuwa sai an kai babban waje. Ya sunkuyo ya rage murya. "To ko za ki sa baki a ba mu wani a madadinsa? Sabo?"

Ta daɗe tana kallonsa. "Sai dai Allah ya ba da, malam."

"Amin. Na san ba za ki ba ni kunya ba."

Yana fitowa, ƙarfe sha biyu ta buga, taga ta uku ta rufe, ƙwas. Mutum shida suka rage a layi suna ƙorafi. Na-Ciki ya tsaya ya ba su shawara kyauta, ya ce a rayuwa mutum ya riƙa sanin mutane.

Kafin la'asar duk unguwa ta ga takardar, amma daga nesa. Ya sa ta a leda, ya riƙe ta sama da kai, wai hatimi ba ya son hannu da yawa.

"Kawo in karanta," in ji Tela.

"Da wannan hannun mai man keke?"

"To me ya sa aka zagaye ta da baƙin layi?"

"Ta manya ce. Taku ta talakawa fara ce fat."

Maman 'Yan Biyu ta dawo daga rafi ke nan, ta sauke jarka, wuyanta ya ƙi juyawa. Sai da ta juyo da jikinta gaba ɗaya ta dube shi. "Ta taga ta uku ka bi?"

"Na wuce uku. Ta bakwai na bi."

"Uku aka ce."

"Bakwai ta fi uku ko ba ta fi ba?"

Ta ja jarkarta ta shige gida. Lissafin dai daidai ne.

Ran Alhamis tun da sassafe ya tashi unguwa. Ya sa aka share gindin bishiya, aka jera benci huɗu. Ya bi gida-gida ya ce kar wadda ta je rafi yau, kowa ta kawo jarkarta a jera, don in an kawo sabon famfo a ga tsari. Jarka arba'in da ɗaya, babu ko ɗigo a ciki, suka yi layi a gaban Dogo. Shi kuma ya tsaya a gaba da kwat da fayil, yanzu fayil ɗin da takarda ɗaya a ciki.

Wajen ƙarfe takwas sai ga motar masu gyara, shuɗiya, bututu na leƙowa ta baya. Mata suka miƙe. Motar ta rage gudu, wani mai hular kwano ya leƙo, ya bi takardar hannunsa da yatsa daga sama har ƙasa.

"Ba kwa ciki," ya ce.

"Mun sani!" in ji Na-Ciki, yana kaɗa musu hannu kamar mai ba da hanya. "Ku wuce, ku wuce! Tamu na tafe!"

"Malam, ga famfo nan a gabanku," in ji Maman 'Yan Biyu. "Minti nawa ne?"

"Uwar gida, kayan gyaran a ƙidaye aka ba mu, iya sunayen da ke nan. Sai wani zagayen."

Motar ta wuce. Mata arba'in suka bi ta da ido har ta sha kwana, sannan idanun suka dawo kan Na-Ciki a tare. Ya duba agogon hannunsa, wanda shi ma ya daɗe da rasuwa.

Ba mota ce ta fara zuwa ba. Tsohon Kansila ne, yana sauri da sandarsa, hula a karkace, matarsa na biye da shi taku ɗaya, riƙe da wata wasiƙa. Masinjan sakatariya ne ya kai musu jiya da yamma: ƙaramar hukuma na yi wa tsohon kansilanta ta'aziyyar ɗansa.

"Ina wanda ya je ofis?" in ji Tsohon Kansila. "Ina yake?"

"Ranka ya daɗe, ga ni. Ai ba sai ka zo godiya da kanka ba."

"Shekara talatin da ɗaya ina zaune da mutumin nan," in ji matar, ba da Na-Ciki take ba, da jama'a take. "'Ya'ya biyar na haifa masa, duk gajeru. Yau an ce yana da Dogo. Ɗan shekara sha tara. Yana ga-ruwa a unguwar nan, uban na wucewa ta gabansa kullum. Ina uwarsa? Ta fito in gan ta, ba faɗa zan yi ba."

Matan da ke kan benci suka fara duban juna. Wata ta matsa daga kusa da wata.

"Wallahi ban san shi ba!" in ji tsohon.

"Haba ranka ya daɗe," in ji Na-Ciki. "Kai fa ka kawo shi. Har ka ce mu riƙe shi amana."

Matar ta zauna a kan jarka.

Daidai nan farar mota ta shigo, doguwa, tagoginta na baya da labule, tana tafiya a hankali kamar ba ta son tada ƙura. Na-Ciki ya buɗe hannuwa. "Ga ta nan! Wa ya ce ba ni da na ciki? Ku tafa mana!"

Mutum uku suka tafa. Sauran sun gane motar.

Direba ya fito, wani siriri mai safar hannu. Ta ɗaya ƙofar ɗan sanda ya fito da littafi. Direban ya buɗe baya, ya jawo gadon ƙarfe mai taya, ya cire hula.

"Sannunku da haƙuri. Ina mamacin?"

"Ga shi can," in ji Na-Ciki. "Amma sai kun kwance ƙusoshin ƙafarsa."

Ɗan sandan ya rubuta wannan ma. Ya taka a hankali har gindin bishiya, ya ce kowa ya ja baya, ya kama bakin buhun da yatsa biyu ya ɗaga.

Dogo ya tsaya yana kallonsu, hannu a sake.

Ɗan sandan ya leƙa bayan famfon, ko akwai wani. Ya leƙa cikin buhun.

"Wannan famfo ne," ya ce.

"Ƙwarai," in ji Na-Ciki. "Aikinka na kyau."

"Ina wanda aka buga wa guduma?"

"Shi ne."

"Ina wanda ya buga?"

Aka waiwaya. Inda Bakanike yake tsaye ɗazu, takalminsa ɗaya ne ya rage.

Tela ya tashi, ya goge hannu a riga sosai yadda kowa zai gani, ya zare takardar daga fayil. Wannan karon ba a hana shi ba. Ya karanta da ƙarfi, a nutse, kamar mai karanta awon wando. Takardar shaidar mutuwa. Suna, Dogo. Namiji. Shekara sha tara. Sana'a, ga-ruwa. Dalili, tari da guduma. Wanda ya kawo rahoto, komai nasa.

Wata tsohuwa ce ta fara, wata irin dariya ta hanci. Daga nan abin ya kama kamar wutar kara. Matar Tsohon Kansila ta dubi famfon, ta dubi mijinta, ta ce, "To ai ya fi ka tsawo," ta tashi ta kaɗe zaninta.

Maman 'Yan Biyu kaɗai ce ba ta yi dariya ba. "Baban 'Yan Biyu, me ka ce musu?"

"Abin da ya faru na faɗa. Na ce Dogo ya rasu."

"Mutuwa ya yi."

"To ai ladabi na yi masa!"

"Ladabin nan wata uku ne a rafi."

Na-Ciki ya juya wajen direba, ya dafa kafaɗarsa. "Ɗan'uwa, tunda kun riga kun zo, ba ka da sifana a motar?"

"Ni ban taɓa gyara wanda na ɗauka ba," in ji direban.

Ɗan sandan ya rufe littafinsa. Ya ce magana ɗaya ce: an buɗe fayil da jan kati, kuma ba ya rufuwa sai wanda ya sa hannu ya je da kansa ya tsaya gaban taga ta bakwai ya janye mutuwar. Yanzu. Da su za a tafi.

"Ba matsala," in ji Na-Ciki, ya gyara kwat ya nufi ƙofar gaba. "Dama ina da maganar da zan yi da su."

"Kujera biyu ce a gaba," in ji direban. "Tawa da ta jami'i."

Duk aka dubi gadon ƙarfen.

"Zan zauna a gefensa."

"Ba a zama a baya. Rufin gajere ne, kuma hanyar da gargada. Kwanciya ake yi, in ɗaura bel."

Ana cikin ɗaura masa bel ɗin ne Maman 'Yan Biyu ta matso. "Direba, na ce ba, akwai famfo a sakatariya?"

"Akwai, a bayan ofis. Yana aiki."

"In an gama da shi, kai za ka dawo da shi?"

"Dole. Wanda bai mutu ba, mayar da shi ake yi inda aka ɗauko shi."

Ta juya ta yi wa matan alama da ka. Kafin direban ya rufe baki, jarkoki sun fara shiga, ta gefen gadon, ta ƙarƙashinsa, ta wajen ƙafafu.

"A'a, a'a, uwar gida! Motar nan ba ta ɗaukar kaya. Mamaci ne kawai da kayansa."

"Kayansa ne. Duba sana'arsa."

Ɗan sandan ya karɓi takardar daga hannun Tela, ya duba. "Ga-ruwa," ya ce. Ya duba hatimin, guda biyu ne. Ya ɗaga kafaɗa.

Ashirin da shida suka shiga. Ta ɗora ta ƙarshe a kan cikin mijinta, ta sa hannayensa biyu suka riƙe ta.

"Wannan ta yau ce," ta ce masa. "Daga gobe da kekenka za ka je rafi, sawu huɗu. Har ran da za su dawo. Wannan karon kuma ni zan bi layi."

Na-Ciki ya ɗago kai iya inda bel ya bar shi, ya leƙo ta tsakanin jarkoki. "Ku dai faɗi gaskiya," ya ce wa jama'a. "Duk unguwar nan, wa hukuma ta taɓa aiko wa mota har ƙofar gida?"

"Babu," in ji Tela. "Yau kam kana ciki."

Direban ya rufe ƙofa, ya mayar da hularsa, ya zagaya zai shiga. Maman 'Yan Biyu ta tsayar da shi.

"In ka ji ya fara magana a hanya, kar ka tsorata," ta ce. "Haka yake."